Shin ginin katako mai hawa da yawa yana rage hayaƙin kabon da gaske?

Tambayar da aka aiko ita ce: ana ta yayata cewa katakon da aka sarrafa a masana'anta zai maye gurbin siminti da ƙarfe a manyan gine-gine domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Shin gaskiya ne? Idan kuwa gaskiya ne, me ya hana a rungume shi ko'ina, musamman ganin cewa katako abin ci ne ga wuta?

Gaskiya ne, malam mai tambaya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Katako yana rage hayaƙin kabon idan dajin da aka saro shi ya sake tofowa, idan ginin ya daɗe a tsaye bai ruɓe ba, kuma idan ba a cika shi da kankare da sauran kaya wajen toshe rauninsa har ribar ta zurare ba. Kusan duk matsalolin da za ka ji injiniyoyi suna ambata, na wuta ne ko na ruwa ko na ƙara, a ƙarshe kan waɗannan sharuɗɗa suke komawa.

Gini yana fitar da kabon ta hanya biyu. Akwai wanda yake fitarwa a tsawon rayuwarsa, wato na wutar lantarki da na sanyaya ɗakuna ko ɗumama su, akwai kuma wanda aka riga aka fitar wajen ƙera kayan ginin da jigilarsu da harhaɗa su, tun kafin kowa ya taka ƙofar. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa gine-gine da aikin gini suna da alhakin kusan kashi 37 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke da nasaba da makamashi. Hayaƙi na farkon, wato na tsawon rayuwar gini, ana iya gyara shi daga baya, a canja na'urar sanyaya ɗaki ko a sa allunan sola a rufi, amma na biyun da zarar ya fita, ya fita ke nan. Siminti kaɗai yana ɗauke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma matsalarsa ba ta man da ake ƙonawa ba ce kawai. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, dutsen da kansa ya saki iskar kabon da ke cikinsa, kuma fiye da rabin hayaƙin siminti daga wannan sakin yake fitowa. Saboda haka ko da an hura tanderun da makamashi mai tsabta, wannan kaso yana nan daram. Wannan ne ya sa masu zanen gini suka waiwayi itace.

Sai dai katakon da ake magana a kai ba falankin da kafinta yake sayowa ba ne. Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne gululam, wato falankai da aka liƙa da gam suna fuskantar gefe ɗaya, a samu ginshiƙi ko bim (wato gungumen da ke kwance yana ɗauke da bene ko rufi) mai kauri da tsawon da babu bishiyar da za ta iya bayarwa. Wani Bajamushe mai suna Otto Hetzer ya yi rajistar fasahar a 1906. Na biyu shi ne allon gicciye, wanda masu sana'ar ke kira CLT, kuma ya bunƙasa ne a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990, inda binciken Gerhard Schickhofer a jami'ar fasaha ta Graz ya taka muhimmiyar rawa. Yadda ake yin sa shi ne a busar da falankai a na'ura har danshinsu ya sauko zuwa kusan kashi 12 cikin 100, a yanke wuraren da ke da illa, a fere bakin kowane guntu ya yi haƙora a sarƙe shi da na gaba, sannan a shimfiɗa sahu ɗaya a tsaye, sahu na biyu a gicciye, na uku a tsaye, har sahu uku ko biyar ko bakwai, a shafa gam a danne da injin matsa. Hikimar gicciyewar ita ce, itace yana kumbura ya kuma ƙanƙance sosai ta faɗinsa idan danshi ya sauya, amma ta tsawonsa da ƙyar yake motsi, don haka kowane sahu yana riƙe maƙwabcinsa. Allo ɗaya yakan kai mita 3 a faɗi da mita 16 a tsawo, kuma na'ura mai aiki da kwamfuta ce ke yanke tagogi da ƙofofi da ramukan bututu tun a masana'anta.

Cewa ana iya ɗaga bene mai tsawo da wannan kaya, an wuce wurin. An kammala Stadthaus mai hawa 9 a Landan a 2009. Ginin kwanan ɗalibai na Brock Commons a Vancouver ta Kanada, mai hawa 18 da tsawon mita 53, an gama shi a 2017, kuma harhaɗa katakonsa ya ɗauki kusan kwana 70 kacal. Mjøstårnet a Brumunddal ta Norway ya kai mita 85.4 a 2019, sai Ascent a Milwaukee ta Amurka ya zarce shi da mita 86.6 a 2022. Za mu komo kan uku daga cikinsu, domin abin da ke cikinsu ya fi tsawonsu koyarwa.

A lissafin kabon ne ake yawan ruɗar mutane, wani lokaci ba da gangan ba. Ribar katako iri biyu ce, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko tabbatacciya ce: sarewa da busarwa da liƙawa ba sa cin makamashin da gasa siminti ko narka ƙarfe ke ci, sannan nauyin allon gicciye bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin kankare ba, abin da ke rage girman harsashi da yawan motocin jigila. Ginin Dalston Works da aka gama a Landan a 2017 misali ne mai kyau, domin filinsa yana saman wurin da aka keɓe wa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, ba a yarda a kafa harsashi mai zurfi ba, kuma rashin nauyin katako ne ya ba da damar a kai hawa 10. Riba ta biyu ita ce ajiyar kabon. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska, ta yadda kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da kauri tana riƙe da kwatankwacin kilogiram 700 zuwa 900 na iskar kabon. Wannan adadi ne ake debewa daga hayaƙin gini har a ce ginin ya zuƙe fiye da abin da ya fitar.

A nan nake jan hankalinka. Ajiyar ta wucin gadi ce, tana nan ne muddin katakon yana nan. Ranar da aka rushe ginin aka ƙone katakon, ko aka jibge shi a juji ya ruɓe, kabon ɗin ya koma iska, kuma a juji wani ɓangarensa yana iya fita a matsayin iskar mitan wadda ta fi ƙarfin ɗumama yanayi. Bayan haka, ba dukkan bishiyar ke shiga gini ba. Rassa da saiwa da ɓawo suna zama a daji ko a ƙone su, kuma daga gungumen da ya isa injin yanka, kusan rabi ne ke fitowa falanki, saura ya tafi ga takarda ko makamashi, wanda kabon ɗinsa ke fita cikin ɗan lokaci. Bishiyar da aka dasa a madadinta kuwa, a dazuzzukan ƙasashe masu sanyi, takan ɗauki shekara 60 zuwa 100 kafin ta kai girman wadda aka sare. Idan katakon ya fito daga gandun da ake sarewa ana dasawa bisa tsari, lissafin yana tsayawa. Idan daga tsohon daji ne da aka share ba a mayar ba, ginin yana iya fin na kankare ɓarna. Shaidar hukumomin tantance gandun daji irin su FSC da PEFC tana taimakawa, ko da yake ba ta rufe kowace ƙofa ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya kawo maka lissafin gini, ka nemi ya raba adadi biyun: hayaƙin da aka fitar a gefe ɗaya, kabon da aka ajiye a gefe ɗaya. Idan ginin bai fi na kankare ba sai an haɗa da ajiyar, to zanen yana da gyara.

Batun wuta, wanda ya fi damun mai tambaya, shi ne aka fi yi wa bincike. Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san ƙirare suna cinyewa nan da nan, amma ƙaton gungume sai ya yi baƙi a waje cikinsa yana nan da ƙarfinsa. Gawayin da ke taruwa a fuskar katako yana tare zafi, kuma saurin cin wutar sananne ne: ƙa'idar Turai ta zanen ginin katako tana lissafa kusan milimita 0.65 a minti ɗaya ga itace mai laushi. Ke nan idan ana son ginshiƙi ya jure wutar awa ɗaya, injiniya zai cire kusan milimita 40 daga kowace fuska da wuta za ta taɓa, ya ƙara cire wasu milimita 7 na sashen da zafi ya raunana, sannan ya tabbatar abin da ya rage a tsakiya zai ɗauki nauyin benen. Ƙarfe ba ya ƙonewa, amma yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600, shi ya sa shi ma sai an lulluɓe shi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce an gama da batun. A ginin kankare, idan kayan ɗaki suka ƙone wuta takan mutu. A ɗakin da bangonsa da silinsa katako ne a buɗe, ginin da kansa makamashi ne. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa wasu nau'o'in gam suna saki idan zafi ya iso gare su, sai sahun da ya zama gawayi ya ɓalle ya faɗo, sabon katako ya bayyana, wutar da ta fara lafawa ta sake tashi. Saboda haka ne aka tsaurara ƙa'idar ƙera allon gicciye a Arewacin Amurka a 2018, aka wajabta gam mai jure zafi. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne a rufe katakon da allunan jifsam, wato allunan filasta masu tare wuta, kamar yadda aka yi a Brock Commons, amma kowane allo da aka ƙara yana da nasa hayaƙin, kuma yana ɓoye kyawun itacen da mai gini ya biya kuɗi domin ya gani. Lokaci mafi haɗari kuwa shi ne lokacin da ake aikin, kafin a sa jifsam da ƙofofin tare wuta da bututun yayyafa ruwa. A 2014 wani ɗakin gwaje-gwaje na katako da ake ginawa a jami'ar Nottingham ya ƙone ƙurmus kafin a kammala shi. Dokoki ma sun rabu. Kundin dokokin gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ya amince a bugun 2021 da ginin katako har hawa 18 idan an lulluɓe shi gaba ɗaya, da hawa 12 ko 9 gwargwadon yawan katakon da aka bari a buɗe. Ingila kuwa, bayan gobarar benen Grenfell na Landan a 2017 wadda ta kashe mutum 72, ta haramta kayan da ke kamawa da wuta a bangon waje na gidajen kwana da suka wuce mita 18 a 2018. Grenfell ginin kankare ne da aka yi wa rufin waje mai roba a ciki, amma haramcin ya haɗa da katako, kuma ya rage kuzarin masu gina irin waɗannan benaye a can.

Idan ka tambayi waɗanda ke tsaye a wurin aiki abin da ya fi tayar musu da hankali, da yawansu ruwa za su ce maka, kuma ina tare da su. Gobara ba ta cika faruwa ba, ruwan sama kuwa sai ya sauka a kan kowane gini. Allon yana barin masana'anta a bushe, kuma muddin danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta samun wurin zama. Matsalar tana farawa ne idan aka shimfiɗa allunan bene aka bar su a fili ruwa ya kwanta a kansu. Fuskar allon ba ta shan ruwa da sauri, amma bakinsa, inda aka yanke jijiyoyin itacen, yana tsotsa sosai, kuma bakin nan yana nan a kowace mahaɗa tsakanin allo da allo, da kewayen kowane rami da aka huda wa bututu, da ƙarƙashin kowane bango da ya zauna a kan bene. Fuskar tana iya bushewa cikin kwana kaɗan har mai duba aiki ya shafa hannu ya ce lafiya, alhali cikin mahaɗar sharkaf yake. Idan aka yi gaggawar shimfiɗa ledar hana yoyo ko aka zuba siminti a kai, an kulle ruwan a ciki ke nan, ba shi da hanyar fita, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da allon da ke ɗauke da rufi ya riga ya yi laushi.

Shi ya sa rufin da yake a shimfiɗe ba gangare, da baranda, da banɗaki, su ne wuraren da suka fi ba da wahala a ginin katako. Maganin ba wani abin mamaki ba ne, kulawa yake buƙata: a shafe bakin allo da abin hana ruwa tun a masana'anta, a liƙe mahaɗa da tef a ranar da aka ɗora allon, a share ruwan da ya kwanta kafin a tashi aiki, a soka ma'aunin danshi cikin mahaɗar kanta a rubuta abin da ya nuna kafin a rufe, a ba rufi gangare, a ɗaga katako daga ƙasa a kan dakalin kankare, a kuma binne na'urorin gano yoyo a ƙarƙashin banɗaki da rufi. A ƙasashe masu zafi da laima, gara ta shigo cikin lissafi, kuma itatuwan da aka fi yin allon da su a Turai ba su da juriyarta, don haka sai an yi musu magani an kuma tsare harsashi. Kamfanonin inshora sun fahimci wannan, kuma yawan kuɗin da suke nema a kan ginin katako yana da nasaba da ɓarnar ruwa kamar yadda yake da nasaba da wuta, domin bututu ɗaya da ya fashe a hawa na sama yana iya jiƙa allunan da sauya su ke buƙatar buɗe rabin ginin. Alaƙar wannan da kabon a fili take: ginin da aka lissafa zai yi shekara 60 amma aka sauya rufinsa a shekara ta 15 ya ci ribarsa tun kafin dajin ya farfaɗo.

Rashin nauyin da ya zama alheri ga harsashi yana da nasa farashi. Bene mara nauyi yana ɗaukar ƙarar takun maƙwabcin sama, yana kuma rawa a ƙarƙashin ƙafa, har ma sau da yawa wannan rawar ce ke yanke kaurin allo, ba nauyin da zai ɗauka ba. Ana magance ƙarar da shimfiɗar roba da tsakuwa ko siminti a saman allon, wato a mayar da nauyin da aka guje wa. A dogon bene kuma iska tana kaɗa ginin har mazauna sama su ji. A Mjøstårnet sai da aka yi benaye bakwai na sama da kankare mai kaurin milimita 300 domin a ƙara nauyi, a Ascent kuwa hawa shida na ƙasa da ramukan lif da matakala duk kankare ne. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba. Kowane kaya an sa shi inda ya fi amfani. Amma yana nuna cewa tseren tsawo ba shi ne inda ribar take ba. Ribar ta fi yawa a gine-gine masu hawa 4 zuwa 10, gidaje da makarantu da ofisoshi, waɗanda su ne aka fi ginawa, kuma a nan katako yake iya ɗaukar kusan dukkan nauyin. Ta fuskar girgizar ƙasa kuwa rashin nauyin taimako ne, kuma gwajin gini mai hawa 7 a kan teburin girgiza a Jafan a 2007, da na mai hawa 10 a San Diego a 2023, sun ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a zana gini da tunanin kankare, sannan daga baya a ce a mayar da shi katako. Tazarar ginshiƙai da ta dace da kankare takan yi wa katako faɗi, sai bim ya yi kauri, tsayin kowane hawa ya ƙaru, kuɗi da kaya su haura. Dole tun zanen farko a san girman allon da masana'anta ke yi da wanda mota za ta iya ɗauka, kuma mai aikin famfo da mai aikin lantarki su faɗi inda bututunsu zai bi kafin a yanka, domin ba a huda bim a wurin aiki yadda aka ga dama. Wannan yana nufin a yanke shawara da wuri a kuma biya da wuri, abin da masu kuɗin gini da yawa ba su saba da shi ba. Masana'antun ma sun taru ne a tsakiyar Turai da arewacinta da Arewacin Amurka, kuma injiniyoyi da masu sa hannu a kan izinin gini da suka san kayan ba su da yawa.

Kada kuma a ɗauka katako ne kaɗai hanya. Gyara tsohon gini a ci gaba da amfani da shi yakan fi kowane sabon gini ƙarancin hayaƙi, tunda harsashi da ginshiƙai suna nan. Simintin da aka cakuɗa da gasasshen yumɓu da farar ƙasa yana iya rage hayaƙi da kusan kashi 40 cikin 100, kuma zai isa wuraren da allon gicciye ba zai isa ba nan kusa. Ginin katako mai manyan tagogin gilashi da ke kallon rana zai yi zafi da sauri, domin ba shi da kaurin da ke shanye zafin yini, sai na'urar sanyaya ɗaki ta cinye abin da aka tara. Inuwa da fuskar da gini ke kallo da hanyar shigar iska suna gaba da zaɓin kaya. Dokokin da na fi ganin amfaninsu su ne masu sa iyaka a kan hayaƙin ginin gaba ɗaya su bar mai zane ya nemo hanya, kamar dokar Faransa da ta fara aiki a 2022, da ta Denmak wadda a 2023 ta ƙayyade kilogiram 12 na hayaƙin kabon a kowace murabba'in mita a shekara ga sababbin gine-gine da suka wuce murabba'in mita 1,000.

Abu na ƙarshe da ya kamata a yanke tun a takarda shi ne yadda za a kwance ginin. Allon da aka ɗaure da ƙusoshi masu zare da farantan ƙarfe ana iya warware shi a ɗora a wani gini, ajiyar kabon ɗinsa ta ci gaba. Wanda aka zuba wa kankare ya manne da shi, ko aka liƙe shi da gam a wurin aiki, raba su yana da wuya, kuma galibi ƙonewa ce makomarsa. Saboda haka inda ƙara ta tilasta a ƙara nauyi a kan bene, busasshiyar tsakuwa ko faranti da ake iya ɗagawa sun fi siminti da aka zuba, kuma ya dace mai gini ya karɓi cikakken bayanin kowane allo, irin itacensa da gam ɗinsa da ƙarfinsa da inda aka ɗora shi, ya adana tare da takardun ginin domin injiniyan da zai zo bayan shekara 50 ya iya amincewa da shi.